Zuba: Ƙofar Abuja mai yalwar hanya da ƙarancin inuwa

Mafi yawan motocin da ke tasowa daga Kaduna, Kano ko Minna da nufin shiga Abuja, ta Zuba suke bi. A nan ne babbar hanyar Kaduna ta haɗu da wadda ta miƙa zuwa Gwagwalada da Lokoja, daga nan ne kuma titin Murtala Muhammed, wanda jama'a suka fi sani da hanyar Kubwa, ke ɗaukar matafiyi har tsakiyar birni. Garin yana da babbar kasuwar 'ya'yan itatuwa da ke wadata birnin tarayya da lemo da ayaba da kankana, ga kasuwar kayan gyaran mota, ga tashar da ba ta barci, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Birnin Tarayya. Daga bakin titi mutum na iya hango Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke kan takardar naira 100, ko da yake shi dutsen a ƙasar Jihar Neja yake.

Abin da ya yi ƙaranci a wannan gari mai hada-hada shi ne wurin da magidanci zai zauna da iyalinsa bayan la'asar ba tare da ya sayi komai ba, da inda yaro zai buga ƙwallo uwarsa ba ta cikin fargabar tirela. Dubban ma'aikatan gwamnatin tarayya da tsadar haya ta koro daga Garki da Wuse zuwa Zuba, Madalla, Dei-Dei da Suleja suna jin wannan rashi a jikinsu kowace Asabar da Lahadi. Alhali kuwa ƙasa ba ta ƙare ba. Akwai guntayen filaye a gefen hanyoyi da bakin rafuka da bayan kasuwanni, waɗansu sun koma juji, waɗansu sun zama makabartar motocin da suka mutu, waɗansu kuma suna nan zaune suna jiran wanda zai riga kowa kafa kwantena.

Alƙawarin da aka zana a 1979

Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sanar da kafa sabon Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko ƙasar, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, daga jihohin Neja, Filato da Kwara na wancan zamani. Zuba, tsohon garin Koro da ke ƙarƙashin masarautar Abuja ta dā, ya faɗo cikin sabon yankin. Ita kuwa tsohuwar Abuja ta bar wa sabon birni sunanta, ta koma Suleja.

A 1979 wata gamayyar kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ta miƙa babbar taswirar birnin. Cikin abubuwan da aka fi yabon taswirar a kansu har da yadda ta keɓe kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar birnin ga wuraren da ba za a yi gini a kai ba: duwatsu, kwaruruka, bakin rafuka da lambunan unguwanni. Manufar ita ce mazaunin kowace unguwa ya iya takawa da ƙafa zuwa wurin shan iska. Sai dai birnin da aka yi wa wannan tanadi dalla-dalla faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 250 ne kacal, wato bai kai kashi huɗu cikin ɗari na yankin baki ɗaya ba. Zuba, da ke Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, yana wajen wannan da'ira.

Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman na abinci suka yi ta kwarara fiye da yadda gidajen cikin birni za su iya ɗauka. Garuruwan kewaye suka cika suka batse, gini ya riga tsari isa ko'ina. A zamanin Malam Nasir El-Rufa'i yana ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, an yi rusau mai yawa domin a dawo da taswirar kan turbarta, an kuma ƙwato wasu daga cikin filayen shaƙatawa da aka mamaye. Birni ya sami sarari. Da yawa daga cikin waɗanda aka tasa kuwa waje suka ƙara matsawa, suka ƙara wa garuruwa irin su Zuba cunkoso.

A wannan tsakani ne aka buɗe lambun Millennium da ke Maitama. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta ƙaddamar da shi ranar 4 ga Disamba, 2003, lokacin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila. Masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, ne ya tsara shi a kan fili mai faɗin kimanin hekta 32, rafi ya ratsa ta cikinsa. Duk wanda ya taɓa zuwa can ranar Sallah ko Kirsimeti ya ga yadda mutanen Abuja ke ƙishin irin wannan wuri. Amma daga Zuba zuwa Maitama tafiya ce ta kusan kilomita 40. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ko da ba a karɓi kobo a ƙofar lambu ba, kuɗin motar mutum shida zuwa da dawowa ba abu ne da ƙaramin ma'aikaci zai riƙa cirewa daga albashinsa kowane mako ba.

Dandali ba baƙo ba ne

Akwai masu ɗaukar wurin shaƙatawa a matsayin ƙawa ta Turawa, wadda sai an gama da ruwa da wuta da asibiti kafin a waiwaye ta. Tarihin garuruwan ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan ba. Da wuya a sami tsohon gari, komai ƙanƙantarsa, da ba shi da dandali inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari na langa da kokawa, bayan kaka kuma a kafa dambe. Ƙofar fada fili ce ta kowa. Filin Idi ana barinsa a buɗe duk shekara saboda sallah biyu, yara su ci moriyarsa sauran kwanakin. A gindin durumi ko ceɗiya dattawa ke majalisa, a nan ake sasanta rigima kafin ta kai gaban alƙali. Babu wanda ya kira waɗannan wurare da sunan lambu, amma aikin da lambun birni yake yi ke nan.

Abin da ya sauya shi ne darajar ƙasa. A garin da kowane taku na iya zama shago ko ɗakin haya, filin da ba na kowa ba shi ne farkon wanda ake cinyewa. Yaran da dā za su tafi dandali sai su koma bakin kwalta ko gidan kallon ƙwallo. Mata da tsofaffi kuwa, waɗanda ba za su zauna a teburin mai shayi ba, sai su rasa wurin zuwa gaba ɗaya in ba biki ko asibiti ba. A gari irin Zuba, inda Koro da Gbagyi da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa ke zaune kafaɗa da kafaɗa, kasuwa ce kusan kaɗai ke haɗa su, ita kuma haɗuwar ciniki ce. Filin da 'ya'yansu za su buga ƙwallo tare yana da amfanin da ba ya fitowa a lissafin kuɗin shiga.

Sai kuma batun zafi. Wanda ya taɓa jiran mota a Zuba da tsakar rana a watan Maris ya san yadda kwalta da rufin kwano ke mayar da zafin rana. Inuwar bishiya ɗaya a irin wannan wuri takan tara masu jiran mota da mai sayar da ruwa da ɗan acaɓa a lokaci guda.

Wane fili ne zai yi, wane ne ba zai yi ba

Ba kowane sarari ne ya dace da wasan yara ba, kuma rashin bambancewa na iya jawo asarar rai. Filayen da ke tsakanin rassan gadar sama da tsibiran tsakiyar titi suna kewaye da manyan motoci dare da rana. Waɗannan bishiya da ciyawa kawai suke buƙata, domin su rage ƙura su kuma hana a mayar da su juji, ba kujerun zama da za su ja mutane su riƙa tsallaka titi ba. Ƙarƙashin manyan wayoyin wutar lantarki ma haka, doka ta hana gini a wurin saboda dalili. Inda aka daɗe ana zubar da baƙin mai da ruwan batir, kamar kewayen garejin makanikai, sai an kwashe ƙasar sama an zuba sabuwa kafin a bar yaro ya zauna a kai.

Waɗanda suka fi dacewa su ne na cikin unguwa. Bakin rafi, wanda dama bai kamata a gina gida a kansa ba, yana iya zama hanyar ƙafa mai layin itatuwa, saiwoyin su riƙe ƙasa, ruwan damina ya sami inda zai bazu ba cikin ɗakunan mutane ba. Tsohon juji, idan aka kwashe shi, yakan bar fili a daidai inda jama'a suka fi yawa. Ramukan da 'yan kwangila suka haƙi jar ƙasa lokacin aikin hanya suka bari, waɗanda kan cika da ruwa su zama haɗari ga yara da gidan sauro, ana iya cike su a daidaita. Ga kuma filayen makarantun firamare na gwamnati, waɗanda ke zaune babu kowa daga ƙarfe biyu na rana da duk tsawon hutu. Katanga mai ƙofa biyu da mai gadi da 'yan fitilu masu aiki da hasken rana sun isa su mayar da irin wannan fili na unguwa duka da yamma, su kuma kare shi daga masu yankar gefensa.

Girman fili ba shi ne ma'auni ba. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da Turai ya ba da shawara a 2017 cewa mazaunin birni ya sami koren fili na jama'a mai faɗin aƙalla rabin hekta zuwa hekta ɗaya a tazarar da ba ta wuce mita 300 daga gidansa ba, wato tafiyar kamar minti biyar. Rabin hekta bai kai cikakken filin ƙwallon ƙafa ba. Ta wannan ma'auni, ƙananan filaye biyar a warwatse cikin unguwannin Zuba sun fi wa mai goyo da tsoho amfani a kan katafaren lambu ɗaya da sai an hau mota.

Legas da Alƙahira

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a ga an yi. A tsibirin Legas, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da ke titin Broad, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, ya shafe shekaru a matsayin kango da wurin zubar da shara bayan an rushe shi. Masanin zanen gine-gine Theo Lawson ya sake tsara wurin, aka buɗe shi a 2010 da sunan Freedom Park, daidai da cikar Najeriya shekara 50 da samun 'yanci. A zamanin Gwamna Babatunde Fashola an bi shataletale da gefen gadoji da dama an dasa musu itatuwa da furanni. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, a 2011 jihar ta yi dokar kafa hukuma ta musamman mai kula da lambuna, wato LASPARK, domin aikin ya sami mai shi bayan an gama yanke kyallen buɗewa.

A Alƙahira kuwa, tudun Darassa da ke gabashin tsohon birni ya yi kimanin shekara 500 yana karɓar shara da ɓaraguzan gini. Gidauniyar raya al'adu ta Aga Khan ta kashe kimanin dala miliyan 30 ta mayar da shi lambun Azhar mai faɗin hekta 30, aka buɗe shi a 2005. Wajen kwashe jujin ne aka tono wani dogon sashe na ganuwar zamanin Salahuddin da ta daɗe a binne. Masu aikin ba su tsaya a shingen lambu ba, sun haɗa da gyaran gidaje da koyar da sana'a a unguwar talakawa ta Darbul Ahmar da ke maƙwabtaka da shi. Zuba ba ta da irin wannan kuɗi, ba ta kuma buƙatarsa. Darasin da ya shafe ta shi ne, lambun da maƙwabtansa suka ci moriyarsa shi ne wanda suke karewa.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce ta mallaka. A Birnin Tarayya ƙasa ta Gwamnatin Tarayya ce, kotuna kuma sun sha tabbatar da cewa minista ne kaɗai ke da ikon ba da ita. Amma shirin farko na kwashe duk 'yan asalin yankin zuwa wani wuri an sassauta shi tun 1978 saboda tsadarsa, mutane suka ci gaba da zama a garuruwansu na gado. Saboda haka filin da ake gani babu kowa a kai yana iya kasancewa gonar gado ce a idon wani gida, an sayar da shi da takardar unguwa ga wani, yana kuma da wani suna dabam a kwamfutar hukumar AGIS mai ajiye bayanan filaye. Duk shirin da bai fara da zama da fadar Agora na Zuba da masu unguwanni ba, a kotu zai ƙare.

Ta biyu ita ce yawan teburan da fayil zai bi. Gefen babbar hanyar tarayya, har mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya. Sashen kula da lambuna da wuraren shaƙatawa da sashen kula da ƙa'idojin gini suna ƙarƙashin Hukumar Gudanarwar Birnin Tarayya. Akwai sashen raya garuruwan kewaye, akwai hukumar kare muhalli ta Abuja, akwai Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, filin makaranta kuma na hukumar ilimi ne. Kowannensu yana da ikon hanawa, babu wanda aikin ya rataya a wuyansa shi kaɗai.

Ta uku ita ce abin da ya faru da lambunan cikin birni. An ba 'yan kasuwa hayar da yawa daga cikinsu domin su kula da su, sai wasu suka koma mashaya da gidajen abinci da zaurukan biki, aka zuba kankare inda aka ce a dasa ciyawa. Hukumar birnin da kanta ta sha kokawa kan haka, har ta taɓa ba da umarnin a riƙa rufe lambuna da ƙarfe bakwai na yamma. Idan aka kwafo wannan salo aka kai Zuba, za a sami ƙarin wuraren kashe kuɗi, matan aure da yara kuma su ci gaba da zama a gida. Ba laifi ba ne a bar mai shayi ko mai tsire ya kama kusurwa ya biya haya a yi shara da ita, matuƙar yarjejeniya ta faɗi iyakar abin da za a gina, ƙofa kuma ta kasance a buɗe ga kowa.

Ta huɗu ita ce mutanen da ke cin abinci a kan filin yanzu. Jami'an hukuma sun sha zuwa su kwashe rumfunan bakin titi a mahaɗar Zuba da makamantanta, bayan ɗan lokaci rumfunan su dawo, domin filin da aka share aka bari babu komai gayyata ce, masu rumfar kuma ba a nuna musu inda za su koma ba. Abin da ya faru a Kano ya isa ishara. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi na Ƙofar Mata, 'yan kasuwa suka yi asara, magana ta kai kotu kan diyya. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, lissafin ɗaya ne: tsare fili tun yana sarari ya fi araha a kan ƙwato shi bayan an gina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ke hannun masu riƙe da fayil

Tun da Nyesom Wike ya kama aikin ministan birnin a watan Agustan 2023, an mayar da hankali sosai kan gina hanyoyi, har da na ƙananan hukumomi shida. Kowace sabuwar hanya tana barin gefe, tana barin ramin da aka ɗebi ƙasa, tana kuma ɗaga farashin filayen da ke kusa da ita. Lokacin da injinan ɗan kwangila ke wurin shi ne mafi sauƙin lokacin cike rami da daidaita fili. Layi ɗaya a takardar kwangila ya isa ya wajabta hakan, kuma wanda ke rubuta wannan layi ma'aikaci ne, ba minista ba.

Matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa: a zaga Zuba unguwa-unguwa tare da wakilan fada da na ƙaramar hukuma, a ƙidaya filayen gwamnati da na al'umma da ba a amfani da su, a auna su, a shigar da su rajistar AGIS a matsayin filin jama'a, a kafa musu duwatsun iyaka da allo. Daga nan a zaɓi ɗaya a gwada. Abin da yake buƙata sananne ne: shinge saboda awaki, rijiyar burtsatse, banɗaki na maza da na mata, fitilu, benci, da ɓangaren da aka ware wa mata da ƙananan yara nesa da masu ƙwallo. Itatuwan da suka saba da ƙasar, irin su maɗaci da ɗorawa da darbejiya da mangwaro, sun fi furannin ado da ke mutuwa da zarar hunturu ya kama. Taki ma yana kusa, domin ruɓaɓɓen lemo da ɓawon ayaba da kasuwar 'ya'yan itatuwa ke fitarwa kullum, waɗanda yanzu nauyi ne a kan masu kwashe shara, su ne abin da dashe yake so.

Inda irin wannan aiki ya saba mutuwa shi ne shekara ta biyu. Dashen bishiya yana buƙatar ban ruwa na rani biyu ko uku kafin ya tsaya da kansa, mai gadi yana buƙatar albashi, famfo yana lalacewa. Kasafin kuɗi yakan ware na ginawa ya manta da na kulawa. Idan ba a rubuta tun farko wanda zai biya mai ban ruwa a watan Fabrairu ba, ko ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko mazauna rukunin gidaje 748 da Hukumar Gidaje ta Tarayya ta gina a Zuba aka buɗe a 2023, to gara a jinkirta bikin dashen.

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince a 2015 da muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka haɗa da samar wa kowa filin jama'a mai aminci kafin 2030, musamman mata da yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Rahoton da za a rubuta kan wannan alƙawari a wani ofishi ne na sakatariyar tarayya za a rubuta shi, mai yiwuwa kuma wanda zai buga shi a kwamfuta daga Zuba ko Madalla ya taso da asuba. Filayen da zai iya lissafawa a ciki suna nan a yau. Babu tabbacin za su kai baɗi ba a kafa musu tubali ba.